Kwaɗo a Waje, Mutum a Ciki

Bayan katangar jami'a akwai wani layi da gidajensa suka matse juna kamar fasinjojin motar haya. Gida na ƙarshe, mai baƙin get, nan Hukuma take zaune. Ba shi ne sunanta na yanka ba, amma mai neman wancan ya nemar wa kansa aiki, don ita kanta sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Ɗalibai mata ne suka laƙaba mata Hukuma a bayan idonta, a gabanta kuwa Mama suke ce mata. Babu mai shiga gidan ko fita sai ta gaban keken ɗinkinta, kuma ba a taɓa jin ta ga abu ta haɗiye maganarsa ba. Yarinya ta fito da siket ya kama ta kamar an zuba ta a ciki, sai Hukuma ta ɗago kai ta ce, "Yadin ne ya ƙare, ko telan ne ya rasu yana tsakiyar aiki?"

Ƙuruciyarta a cikin jami'ar ta ƙare, tana sharar ɗakunan kwanan mata. A nan ta gane cewa wadda ta fi kowa turare ita ce ba ta wanke tukunya, ta kuma iya bambanta kukan faɗuwa jarrabawa da kukan saurayi tun daga bakin ƙofa. Ta auri wani direban bas, mutum mai sanyin da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu ya bar mata keken ɗinki, da rediyon da ba ya kamawa sai an mare shi, da ƙaninsa.

Ƙanin nan shi ne mai gidan. Yanzu ƙato ne mai tumbi da furfura, yana da gidajen haya nan da can, 'yan haya na rusuna masa. Amma Hukuma ta shigo danginsu tun yana jiƙa tabarma, don haka har gobe Auta take kiransa, shi kuma ya ce Yaya. Da gwiwoyinta suka gaji da tsintsiya ta bar aikin jami'a, sai ya ba ta babban ɗakin gaba kyauta, ita kuma ta riƙa kula masa da gida. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata.

"Mutum biyu a ɗaki, Yaya. Ranar da na samu ta uku, ke za ki fara ɗaukar kayanki."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji ta. "Goge hancinka."

Faɗar sharaɗin ba wuya, a baki. A cikin jami'a gado ya yi ƙaranci, sai mai rabo ko mai hanya. A layin nan kuwa kuɗin haya duk shekara sai ya yi tsalle, kamar ana biyansa ladan tsallen. Akwai ɗakuna masu araha, amma can ƙetaren gada suke, inda ake fizge waya da rana tsaka, ga kuɗin mota kullum, ga lungunan da yarinya ba ta bi ita kaɗai in rana ta yi sanyi. To, 'yar da iyayenta suka tattaro ɗan abin da suke da shi suka turo ta karatu, ina za ta sa kanta? Sai ta raɓa da wata ƙawa ko 'yar garinsu, ta ɗan taimaka da kuɗin ɗaki, ta shimfiɗa katifa a ƙasa. Irin waɗannan baƙi ake ce musu a gidan. Baƙuwa ce, amma tun farkon zango take nan, har ta san fanfon da ke zuba da wanda ke tari.

Hukuma ta san da su. Takalman bakin ƙofa ba sa rufa asiri, igiyar shanya ma haka. Sai ta kawar da kai, don ta taɓa zuwa ƙetaren gadar nan ta ga wurin da idonta.

Abin da ba ta sani ba shi ne dabarar kwaɗo. Auta ba ya sallama kafin ya zo. Da hantsi yake faɗowa, ya bi baranda yana ƙwanƙwasa duk ƙofar da ya ga babu kwaɗo, ya leƙa ya ga wa ke ciki. Ƙofar da ke rataye da kwaɗo kuwa wucewa yake yi. Yaran suka lura da haka. Daga nan in masu ɗaki za su tafi aji, baƙuwa kuma ba ta da darasi a ranar, sai su rufe ta a ciki, su datse kwaɗo ta waje, su tafi da makulli. Ta zauna shiru, ba tari, ba rediyo, har su dawo. Da safe garke guda suke fita, kowa da mayafi da jaka, Hukuma ba ta tantance wa ya fita wa ya rage. Ta ga kwaɗo, ta ce ɗaki ba kowa. Tagogin kuma tun shekarar da ɓarayi suka shigo Auta ya sa aka liƙe su da ƙarfe, ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta wuce.

A ɗakin ƙurya akwai wata mai karatun shari'a da ake kira Lauya, wadda bakinta ya riga takardarta kammala karatu. Ita da abokiyar ɗakinta suna da baƙuwa, wata siririyar 'yar aji ɗaya da ake ce wa Shiru, don in ta gaishe ka sai ka nemi ta maimaita. Wata safiya Shiru ta tashi da zazzaɓi. Lauya ta jefa hita a bokitin roba za ta ɗumama mata ruwa, ashe an ɗauke wuta. Ta ja tsaki, ta juye rabin ruwan ta yi wanka da shi a haka, ta bar hitar a jone. Suka ba Shiru magani, suka rufe ta, suka datse kwaɗo.

Wajen azahar aka kawo wuta.

Hukuma na kan keke tana ɗinka hannun wata riga sai hancinta ya kama ƙaurin roba. Ta shinshina dutsen gugarta na gawayi, ba shi ba ne. Ta miƙe tana dafa bango, ta bi baranda tana zagin duk wadda ta bar tukunya a kan wuta, da uwar da ta koya mata girki. A ɗakin ƙurya ta ga hayaƙi na fitowa ta ƙasan ƙofa, ga kwaɗo a rataye. Ta juya za ta je ta kashe wutar lantarkin gidan gaba ɗaya, a ranta tana cewa kayan Lauya sun tafi, Allah ya mayar da alheri.

Sai ta ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, kamar mai neman aron gishiri.

"Wa ke nan?"

Tari ya fara amsawa, sannan wata 'yar murya. "Mama, ni ce. Don Allah kar ki gaya wa mai gida."

Yarinyar ta daɗe da farkawa. Ta ga bokiti ya narke, wuta ta kama labule tana lasar katifa. Ta kira wayar Lauya, tana aji, ba ta ɗauka ba. Amma ihu bai zo mata ba, don wata da watanni ana koya mata cewa in kwaɗo na waje, ita ba ta nan.

Tun da aka binne mijinta ba a ga Hukuma ta yi gudu ba, ranar ta yi. Ta kashe wutar gida, ta suri dutsen guga da gawayinsa, ta dawo ta hau dukan maƙalin kwaɗon tana ƙwala wa maƙwabta kira. Allah ya sa Auta mutum ne mai son araha, katakon ƙofar ya riga ya ci ruwa. Kusoshin suka fita, ƙofa ta buɗe, ta cafko yarinyar ta wuyan riga ta jawo ta waje. Mai shagon kusa da masu wankin mota suka shigo da bokitai da yashi, aka kashe wutar. Katifa ta tafi, littattafai sun tafi, bango ya yi baƙi ƙirin. Shiru ta ƙone a hannu, ƙirjinta na ƙara kamar tsohon injin. A asibitin unguwa aka ɗaure hannun, aka ce ta auna arziki.

Da la'asar yara suka dawo. Lauya ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan ta share ido, bakin ya dawo aiki.

"Mama, ga shawara. Mu haɗa kuɗi a sayo fenti yau, a kira kafinta ya mayar da maƙalin. Kafin mai gida ya zo komai ya koma daidai. A shari'a, abin da ba a gani ba..."

"Rufe min baki da shari'arki. Tara min kowa a tsakar gida."

Suka taru, masu ɗaki a gaba, baƙi na laɓewa a bayansu.

"Duk wadda aka taɓa kullewa a ɗaki ta waje a gidan nan, ta ɗaga hannu."

Can hannu ɗaya ya tashi, wani ya bi, wani ya bi. Ɗakunan da ba su da hannu a sama ba su da yawa.

"In fitsari ya kama ku fa?"

Wata ta sunkuyar da kai. "Akwai bokiti, Mama."

"Madalla. Iyayenku na can suna gaya wa dangi 'yarsu na jami'a, ashe tana gidan yari da bokitinta." Ta zauna a kan kujerar keke tana murza gwiwa. "Gobe zan kira Auta. Kowa zai fito ya gan shi."

Tsakar gida ta kaure. Wannan na cewa za a kore su, wannan na cewa jarrabawa saura kaɗan, wata ta durƙusa ta kama ƙafarta. Lauya ta matso ta rage murya.

"Mama, ke ma fa korar ki zai yi. Mun san sharaɗin. Ina za ki je?"

Tambayar ta shige ta. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, 'yan uwanta da suka rage kowa na fama da nasa. Ɗakin nan mai taga biyu shi ne kaɗai abin da ta samu a duniya ba ta yi masa shara ba. Amma ta san yaran nan sarai. In aka shafa fenti, kwana kaɗan za su yi suna tsoro, Auta ya ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya, kwaɗo ya koma inda yake.

"Inda zan je matsalata ce. Ni dai ba zan sake zama a bakin get ina ɗinki alhali akwai 'yar mutane a kulle a bayana ba. Ku tafi ku nemi abin da za ku ci."

Washegari da hantsi motar Auta ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo yana haki, hula a karkace.

"Yaya, lafiya? Kin ce in zo ko wanka kar in tsaya."

"Na ji alamar ka bi umarni. Biyo ni."

Ta kai shi ɗakin ƙurya. Ya tsaya yana kallon bango, ya taɓa ƙofar, ya yi salati, ya fara tambayar wa zai biya. Ta juya ta tafa hannu.

"Ku fito duka, har baƙin."

Suka fito. Auta ya dubi wannan ya dubi waccan, fuskokin da bai taɓa karɓar ko sisi daga hannunsu ba.

"Waɗannan fa? Taro ake yi?"

"'Yan gidanka ne. Tun farkon zango suke kwana a nan. In ka zo, kulle su ake yi ta waje don kar ka gan su. Waccan mai ɗaurarren hannu a cikin ɗakin nan take jiya, da kwaɗo a ƙofa."

Ya cire hula ya share gumi. Da ya buɗe baki kuma, ba shirme ya faɗa ba. Ya ce shaddar gidan ta mutum kaɗan aka haƙa, shi ya sa take cika kafin lokaci. Ya ce injin ruwa ya ƙone har ya gaji da gyara, ashe ga dalili. Ya ce wayoyin wutar gidan ba za su ɗauki hita da rishon lantarki na wannan runduna ba, ga shi kuwa an gani. Ya ce shi ba gwamnati ba ne, ba shi ya hana jami'a gina ɗakuna ba.

"Duk gaskiya ne," in ji Hukuma. "Yau ka yi magana kamar babba, har na ji daɗi. Amma da jiya na tsaya ɗaura ɗankwali, da yanzu ba da ni kake magana ba, da 'yan sanda kake yi. Kuma gidan da aka fitar da gawar 'yar mutane daga bayan kwaɗo, ko kyauta ka bayar, ɓera ma sai ya yi shawara."

"Ni na kulle ta?"

"Tsoronka ya kulle ta. Ni kuma na ga takalma na yi kamar ban gani ba. Kowa ya ɗauki nasa."

"To tunda kin faɗa da bakinki, Yaya, alkawari muka yi. Baƙi su fita ƙarshen wata. Ke ma kin san abin da na ce."

"Na sani. Leƙa ɗakina."

Ya leƙa. Ta riga ta ɗaure kayanta, tukwane a cikin kwali, katifa a naɗe, gado a kwance-kwance. Sai ya rasa inda zai sa idonsa, don barazana yake so ya yi, ta roƙe shi, ya yafe mata a gaban jama'a.

"Saurara, Auta. Ɗakin nan ya fi kowanne girma a gidan. Shekara da shekaru ba ka ci ko kwabo a kansa ba. Ka zuba baƙin nan a ciki, su haɗa su biya ka a fili, ka san sunan kowa, ka samu na gyaran shaddarka. Ni ka bar min siton bakin get."

"Sito? Wurin buhunan siminti? Haba Yaya. Mutane su ce na jefa matar wana a sito?"

"Yanzun nan titi za ka jefa ni, ba ka tuna da mutane ba."

Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, aka toshe mata baki. Auta ya tsaya yana kallon ɗakin, leɓɓansa na motsi. Duk wanda ya san shi ya san ba addu'a yake yi ba.

"Sai me kuma?" ya ce. "Na san ba ki gama ba."

"A cire maƙalin kwaɗo a kowace ƙofa, a sa makullin da na ciki zai iya buɗewa. A kuma yanka ƙarfen kowace taga a yi masa 'yar ƙofa."

"Makulli na yarda. Taga kuwa a'a. Ƙarfen nan da tsada na sa shi, kuma ɓarayi ba su yi ritaya ba."

"Za mu sake magana."

"Ba za mu sake ba."

"Gaishe min da matarka."

A makon aka canja makullai, aka kwashe siminti, Hukuma ta koma sito. Gado bai shiga ba sai da aka rage masa ƙafa. Rufin kwano ne ba silin, da rana kamar tanda, in an yi ruwa kuma sai ta matsar da katifa. Keke a waje yake wuni, da yamma yara su taya ta turo shi ciki, ta kwana ƙafarta na taɓa shi.

Ba kowa ya gode mata ba. Babban ɗakin bai ɗauke baƙin duka ba, biyu suka rage, Auta kuwa ya kafe. Ɗaya ta koma wurin wata gwaggonta a can ƙarshen gari, tana fitowa tun duhun asuba. Ɗayar ta tafi ƙetaren gada, ba ta yi mako ba aka fizge mata waya. Ta zo ta tsaya a gaban keke ta faɗa wa Hukuma, ba kuka ba zagi, ta ce dai ta ga ya kamata Mama ta sani. Ranar Hukuma ba ta samu abin tsokana ba. Ta zauna da maganar, kafin dare ya yi ta ɗaure ɗankwali, ta bi layin gida-gida tana tambayar masu kula da gidaje ko akwai gado. Ba a samu a lokacin ba, sai zango na gaba, wurin wata tsohuwar abokiyar shararta. Lauya ma ta ɗauki kwanaki tana wucewa ba gaisuwa, sai da zif ɗin jakarta ya lalace ta tuna akwai Mama.

Shiru kuwa ta warke, da tabo a hannu. Yanzu a babban ɗaki take, kusa da taga, kuma an fara jin muryarta, har ranar nan aka ji tana faɗa a kan layin fanfo. Hukuma ta ce da ta san haka bakin yake da ta bar shi a rufe.

Maganar taga ba ta mutu ba. Duk zuwan Auta sai ta tayar, shi kuma ya ce kansa na ciwo. Da ta ga zai mayar da ita rediyo, sai ta je wurin mai walda na bakin titi, wanda matarsa ke son ɗinki amma ba ta son biya. Suka daidaita: ita ta ɗinka wa iyalinsa kaya, shi ya yanka taga ɗaya, ya sa 'yar ƙofa mai sakata ta ciki. Wata taga, wani ɗinkin. Da ɗakin ƙurya aka fara.

Mai walda na cikin aiki, tartsatsi na tashi, yara sun kewaye suna kallo, sai ta ɗauki waya ta kira Auta da kanta.

"Yaya, wane ƙara nake ji haka?"

"Tagarka ake yankawa. Na ce in gaya maka da bakina, kar ka ji a wurin wani."

"Wa ya ba ki izini? Ki ce ya tsaya, ga ni nan zuwa."

"Taho a hankali, kar hawan jininka ya tashi. Wannan dai ya kusa gamawa. In ka iso sai ka zaɓi wadda za a yi gaba."

Ta kashe wayar, ta koma kan keke, ta jawo rigar matar mai walda ta ci gaba da ɗinkin wuyanta.